FASHIN BAƘI: Gyaran tsohuwar tirelar kwana da ruwa ya ci, da abin da yake tonawa kan matsalar gidaje a Amurka

A kasuwannin intanet na Amurka ba a rasa tallar tsohuwar tirelar kwana mai shekara 50 ko 60 da ƙerawa. Hoton kan nuna ta fes: an shafe cikinta da farin fenti, an rataya sababbin labule, an shimfiɗa sabuwar ledar ƙasa. Can ƙasan tallar sai mai ita ya ambaci cewa ta taɓa ɗan yoyo a kusurwa guda, amma an toshe. Ga masu sana'ar gyaran irin waɗannan tireloli, nan ne maganar take, domin tabon da ido ke gani a bango yawanci ƙarshen tafiyar ruwan ne, bayan ya shafe shekaru yana cin katakon da ke ɓoye.

Tirelar da ake nufi a nan ta bambanta da babbar motar dakon kaya da aka sani a titunan Nijeriya. Ɗaki ce na tafi-da-gidanka a kan tayoyi, mai gado da madafa, wani lokaci har da banɗaki, wadda ake ɗaura wa mota ta ja ta. Don yawon hutu aka ƙera ta. A yau kuwa rukuni biyu ne ke farautar tsofaffin: masu hali da ke sha'awar kayan da, da kuma waɗanda tsadar haya ta koro daga gidaje. Ruwa yana cin tirelolin duka biyun, amma rukuni ɗaya ne ke da ƙarfin yin gyaran da ya kamata.

Ƙira biyu, ciwo ɗaya

Mafi shahara a cikinsu ita ce Airstream, wadda Wally Byam ya kafa kamfaninta a Kalifoniya a farkon shekarun 1930. A 1936 ya fitar da samfurin Clipper, mai jikin alminiyam zagayayye da aka haɗa da ƙusoshin ribit kamar jikin jirgin sama. Tun 1952 ake ƙera ta a garin Jackson Center na jihar Ohio. Byam da kansa ya jagoranci ayarin tireloli 41 daga Cape Town zuwa Alƙahira tsakanin 1959 da 1960, kuma a cikin wata Airstream da aka yi wa kwaskwarima hukumar NASA ta killace 'yan sama jannatin Apollo 11 bayan dawowarsu daga duniyar wata a 1969.

Ɗaya ƙirar ita ce ta masu ƙaramin ƙarfi, irin su Shasta da aka fara ƙerawa a Los Angeles a 1941. Ita ƙashin jikinta siraran katako ne, an lulluɓe shi da fallen alminiyam daga waje, da siririn allon katako daga ciki.

A ido, alminiyam ba ya tsatsa, shi ya sa mai saye kan ɗauka cewa tirelar ba ta lalacewa. Amma duk biyun a kan daɓen katako suke zaune, daɓen kuma a kan casis na ƙarfe. Katako yana ruɓewa, ƙarfe yana tsatsa, fatar waje kuwa tana nan tana ƙyalli.

Ta ina ruwan ke shiga?

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tirela kuwa tun daga masana'anta take da tsagogi: kowace taga, ƙofa, fitila, tagar rufi da mahaɗar falle biyu rami ne da aka toshe da wani danƙo mai kama da ƙullin fulawa. Shekaru na tafiya danƙon yana bushewa yana dagargajewa, girgizar hanya kuma tana sassauta sukurori. Ruwan sama sai ya bi zaren sukuru ya shige.

Da ya shiga, ba ya tsayawa a inda ya shigo. Yakan gangara ta jikin katako ya taru a ƙasan bango da kusurwoyi, audugar gilashin da aka cusa don tare zafi da sanyi kuma ta shanye shi ta riƙe kamar soso. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, tana ba da shawarar a busar da duk abin da ya jiƙe cikin sa'o'i 24 zuwa 48 kafin funfuna ta kama. Masu aikin katako kuma sun san cewa muddin danshin da ke cikinsa bai haura kashi 20 cikin 100 ba, ba ya ruɓewa. Bangon da ke rufe ruf, ba iska ba rana, yakan zauna sama da wannan ma'auni wata da watanni.

A Airstream matsalar ta fi muni a daɓe. Gefen katakon daɓen yana matse ne tsakanin jikin alminiyam da casis, notina sun ratsa su uku sun haɗe su. Idan gefen ya ruɓe, jikin ya daina riƙe casis, casis ya daina riƙe jikin. An san dogayen samfuran shekarun 1970 da wannan ciwo, inda bayan tirelar ke rabuwa da ƙarfen da ke ɗauke da shi.

Yadda gyaran gaskiya yake

Matakin farko bincike ne. Mai gyara yakan bi gefen daɓe da ƙasan tagogi yana soka tsinken ƙarfe. Inda ya nutse ba tare da turjiya ba, katakon ya mutu. Yakan auna danshi da ƙaramar na'ura, ya shiga ƙarƙashi ya duba casis, ya lura da sukurorin da suka yi tsatsa ko suke juyawa ba sa kamawa. Wari ma shaida ne.

Mataki na biyu shi ne tsayar da ruwa, ta hanyar shigar da tirelar ƙarƙashin rumfa ko rufe ta da tamfol. Sannan a ɗauki hoton komai, a yi wa kowane falle lamba kafin a kwance shi, domin ruɓaɓɓen katakon shi ne ma'aunin da za a yanka sabo da shi.

A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure. Tirela mai ƙashin katako daga ciki zuwa waje aka haɗa ta, fatar alminiyam ce ta zo a ƙarshe. Saboda haka gyaranta ma daga waje yake farawa: a cire tagogi da ƙarafan gefe, a ɗaga fatar, a fito da ƙashin fili. Wanda ya fara da fasa kabad-kabad na ciki ya cire abin da ke tallafe bango da rufi, domin su ma ginshiƙai ne. Tirelar da aka yashe cikinta haka tana iya wargajewa a kan babbar hanya.

A Airstream kuwa, idan ruɓewar ta zagaye daɓen, sai an tokare jikin daga ciki da katako, an ɗage shi gaba ɗaya daga kan casis. Daga nan mai walda ya yanke ƙarfen da tsatsa ta cinye ya sa sabo, a kankare, a shafa maganin tsatsa, a shimfiɗa sabon daɓe da aka toshe gefunansa, sannan a sauko da jikin. Mayar da ƙusoshin ribit na asali aikin mutum biyu ne, ɗaya a waje da na'urar bugu, ɗaya a ciki yana tare ƙusar da dunƙulen ƙarfe.

Zaɓen kayan aiki ma yana da tarko. Katakon da aka jiƙa da maganin ƙwari mai sinadarin tagulla yana cin alminiyam idan suka haɗu da laima. Danƙon silikon da ake lafta wa mahaɗa daga waje yakan saki bayan ɗan lokaci, kuma wani abu ba ya kama wurin da ya taɓa sai an kankare shi tas. Abin da masu sana'ar ke yi shi ne cire taga ɗungurungum, a sa sabon danƙon butil a ƙarƙashinta, a mayar. Kafin a rufe bangon ciki, sai an yi wa tirelar feshin ruwa da tiyo, wani yana ciki yana duba ko ɗigo zai fito.

Duk wannan aiki na watanni ne, ga mai yi a ƙarshen mako kuma na shekaru. Kuɗinsa sau da yawa yakan zarce kuɗin da aka sayi tirelar. Fenti da labule kuwa aikin kwana biyu ne, kuma shi ne kitso da ƙwarƙwata da ake sayar wa wanda bai sani ba.

Haɗarin da ke bayan bango

Funfuna tana tayar da asma da ciwon ƙirji, musamman ga yara, a ɗakin da bai wuce 'yan taku ba. Tsohuwar wayar lantarki da ruwa ya taɓa tana iya sa jikin alminiyam gaba ɗaya ya ɗauki wuta, ya ja duk wanda ya taɓa ƙofa yana tsaye a ƙasa. Tsofaffin bututun gas suna yoyo, tsohon murhun ɗumama ɗaki kuma yana iya fitar da iskar da ke kashe mai barci ba tare da wari ba. Sai a 1978 Amurka ta haramta fenti mai dalma a gidaje, kuma tayil ɗin daɓe na wancan zamani da yawa yana ɗauke da asbesto, wanda ƙurarsa ke jawo cutar daji. Mai kankare tsohuwar tirela ba da kariya ba yana shaƙar duka biyun.

Mota ce ko gida?

Tun 1976 gwamnatin tarayyar Amurka ke da ƙa'idar gini ta musamman ga gidajen da ake haɗawa a masana'anta, ƙarƙashin Ma'aikatar Gidaje. Tirelar yawon hutu ba ta cikin wannan ƙa'ida, domin doka tana kallonta a matsayin abin hawa na zaman wucin gadi. Ma'ana, mutum na iya sayen ruɓaɓɓiya ya tare a ciki da iyalinsa ba tare da wani jami'in duba gini ya leƙa ba.

An ga sakamakon wannan giɓi bayan guguwar Katrina ta watan Agustan 2005. Hukumar agajin gaggawa ta FEMA ta sayi tireloli da gidajen tafi-da-gidanka kimanin 145,000 a kan kusan dala biliyan 2.7 don tsugunar da waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu. Mazauna suka fara kukan ciwon kai, haɓo da sarƙewar numfashi. A watan Fabrairun 2008 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta CDC ta sanar da sakamakon gwajin guda 519, inda ta samu sinadarin formaldihaid, mai fita daga gam ɗin allunan katako, ya kai kimanin ninki biyar na abin da aka saba samu a gidaje. Zafi da laima suna ƙara fitarsa, yankin kuwa yana da su duka. Duk da haka, a 2010 gwamnati ta yi gwanjon sama da 100,000 daga cikinsu da sharaɗin kada a zauna a ciki. Daga baya 'yan jarida suka gano wasunsu cike da ma'aikata a filayen haƙar mai na jihar North Dakota.

Wa ke kwana a ciki?

Ƙidayar Ma'aikatar Gidaje ta watan Janairun 2024 ta samu sama da mutum 770,000 marasa matsuguni a dare guda, ƙarin kashi 18 cikin 100 a kan shekarar da ta gabata. A Los Angeles har an samu masu sayen tsofaffin motocin kwana da tireloli da araha, su jera su a bakin titi suna bayar da su haya ga marasa galihu. Littafin Nomadland na 'yar jarida Jessica Bruder, wanda ya fito a 2017 kuma fim ɗinsa ya lashe kyautar Oscar a 2021, ya bibiyi dattawan da suka koma rayuwa a kan taya suna bin ayyukan wucin gadi.

Wurin ajiyewa ma ya zama matsala. Filayen ajiye tirela masu zaman kansu da dama ba sa karɓar wadda ta haura shekara 10, sai dai idan an gyara ta ta yi kyan gani. A watan Yunin 2024 kuma Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta yanke hukunci a shari'ar birnin Grants Pass na jihar Oregon cewa birane na da ikon hukunta masu kwana a wuraren jama'a. Tirela iri ɗaya, shekarar ƙira ɗaya: wadda aka kashe wa kuɗi tana zuwa bikin baje kolin kayan da, wadda ba a kashe wa ba ana janye ta daga bakin titi da mai ita a tsaye yana kallo.

Gyaran gaskiya yana buƙatar rumfa, kayan aiki, lokaci da wani wurin kwana yayin da bango ke buɗe. Wanda tirelar ce kaɗai ɗakinsa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka iyakarsa ya ƙara lafta danƙo a rufi kafin ruwan sama na gaba. Shi ya sa shawarar masu sana'ar ga mai niyyar saye ba ta canzawa: ya je da fitila da tsinken ƙarfe, ya ɗaga katifa, ya buɗe kabad na ƙasa, ya taka kowace kusurwa, kuma ya ɗauki sabon fenti a tsohuwar tirela a matsayin dalilin ƙara bincike.