Yadda Ake Sauya Silin Tsohuwar Mota

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, a wannan makon za mu yi bayani kan wani ɓangare na mota da ba kowa ke kula da shi ba, wato silin. Shi ne yadi ko ledar da ke lulluɓe da rufin mota daga ciki. Aikinsa ya wuce ado. Yana rage zafin da ƙarfen rufi ke ɗaukowa daga rana, yana rage ƙara, yana kuma ɓoye wayoyin fitilar ciki.

Mun ɗauki misali da motoci biyu da iyayenmu suka sani. Ta farko ita ce Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna, a masana'antar da aka buɗe a 1975. Ta biyu ita ce Volkswagen Beetle, mai kama da kunkuru, wadda aka ƙera fiye da miliyan 21, ta ƙarshe a Meziko a 2003. Tunda an daina ƙera su, duk wadda ta faɗa hannun 'yan gwangwan ta tafi ke nan. Shi ya sa masu son su ke gyara su ciki da waje.

Silin iri biyu ne. A motocin yanzu, ana manna yadi mai siririn soso a jikin wani faifai mai tauri. Idan zafi ya cinye soson sai ya zama gari, yadin ya saki ya riƙa taɓa kan direba. A irin su Beetle kuwa babu faifai. Wasu siraran ƙarafa ne masu lanƙwasa kamar baka suke gittawa daga gefe zuwa gefe, su riƙe ledar kamar yadda ƙarafan lema ke riƙe yadinta. Wannan na biyun za mu yi bayani.

Da farko ana cire kan batir, don kada waya ta haɗu ta yi tartsatsi. Sai a kwance madubin ciki, da fitila, da abin tare rana, da maraƙan hannu. Ana zuba kusoshin a gwangwani don kada su ɓace. Yawanci sai an cire gilasan gaba da na baya da na gefe waɗanda ba a zugewa, domin bakin silin yana shiga ƙarƙashin robarsu ne.

Na biyu, a cire tsohon silin a hankali. Kafin a zare ƙarafan sai a rubuta wa kowanne lamba, 1, 2, 3, daga gaba zuwa baya, saboda tsawonsu da lanƙwasarsu ba lallai su zo ɗaya ba. Idan aka rikita su, silin zai karkace. Kada a jefar da tsohon, ko da ya yayyage, don da shi mai ɗinkin kushin zai auna sabon.

Na uku, a duba rufin. Idan akwai tsatsa a kankare ta da burushin ƙarfe, a shafa fenti. Idan akwai huda, sai mai walda ya toshe ta. Wanda ya tsallake wannan mataki, da damina ta zo ruwa zai ɓata masa sabon silin, kuɗinsa ya tafi a banza. Bayan haka a manna soso ko wani abin tare zafi a jikin rufin.

Na huɗu, ɗinki. Ana ɗinka wa bayan ledar wasu dogayen aljihuna, kamar wurin zariyar wando, a zura kowane ƙarfe a nasa. Ana sa alamar tsakiya da alli. Yana da kyau a shanya ledar a rana na ɗan lokaci, domin idan ta ji ɗumi ta fi miƙewa.

Na biyar, ɗaurawa. Ana mayar da ƙarafan gurbinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai a ja ledar daga tsakiya zuwa gefe, a danne bakinta da maƙalai irin na takarda har sai duk tamojin ya ɓace. Sannan a zo kan gam. Irin wannan gam ana shafa shi a jikin ƙarfe da kuma ledar, a jira ya ɗan sha iska, kana a haɗa. Da zarar sun haɗu, rabawa sai da wahala. Gaggawa aikin shaiɗan, in ji Hausawa.

Daga ƙarshe a yanke rarar da reza, a lalubo ramukan kusoshi da yatsa, a huda kaɗan kawai. Wajen mayar da gilashi, ana zagaya igiya cikin kwarin robar. Mutum ɗaya yana danna gilashin daga waje, ɗayan yana jan igiyar daga ciki, sai robar ta hau bakin ƙarfen.

Ga gargaɗi: wannan gam yana kama wuta, warinsa kuma yana cutar da huhu da ƙwaƙwalwa. A yi aikin inda iska ke shiga, nesa da wuta. Mu yara kada mu taɓa shi ko reza sai da babba a kusa.

Idan muka lura, aikin nan ya haɗa awo na darasin lissafi, da ɗinki, da sanin kayan aiki da muke koya a darasin fasaha. Sana'a ce da mutum zai ci abinci da ita. Muna roƙon malamanmu su shirya mana ziyara wurin masu kushin mota, mu ga aikin da idonmu.