Pentium 4 ko Core 2 Duo: wacce tsohuwar kwamfuta ta cancanci kuɗinku?

Tambayar da ta fi yawan zo mana kan kwamfutocin hannu na biyu, irin waɗanda ake sayarwa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram ko waɗanda ƴan uwa ke aikowa daga waje, ita ce: ga ɗaya an rubuta mata Pentium 4 mai gudun 3.0 GHz, ga wata Core 2 Duo mai 2.4 GHz, wacce ta fi? Da yawa sukan ce ai uku ta fi biyu da ɗoriya. To a nan ne kuɗin mutum ke salwanta.

Duka biyun ƙwaƙwalwar kwamfuta ce ta kamfanin Intel na Amurka. Pentium 4 ta fito a shekarar 2000, Core 2 Duo kuma a 2006. Lambar GHz tana nuna sau nawa ƙwaƙwalwar ke bugawa cikin daƙiƙa guda, 3.0 GHz na nufin bugu biliyan uku. Amma mu ɗauki misalin daka: yawan saukar taɓarya ba shi ne yawan gari ba. Abin dubawa shi ne hatsin da kowane bugu ke farfasawa.

Pentium 4 ta ƙarshe-ƙarshe, wadda aka fitar daga 2004, tana bin matakai 31 kafin ta kammala umarni guda. Kamar mutum 31 ne a jere suna miƙa wa juna tubali: idan aka gano an ɗauko wanda ba shi ba, sai a zubar da duk na hannu a sake daga farko. Core 2 Duo matakai 14 gare ta, don haka kuskure ba ya ci mata lokaci sosai, kuma kowane bugunta ya fi yin aiki.

Na biyu, Pentium 4 mai daka ɗaya ce. Core 2 Duo kuwa biyu ce cikin gida ɗaya, tamkar mata biyu suna lugude. Ɗaya na buɗe shafin intanet, ɗaya na kula da takardar da kuke bugawa. Sannan nau'in E6600, wato mai 2.4 GHz ɗin nan, yana da ma'ajin kusa na megabait 4, alhali Pentium 4 lamba 630 mai 3.0 GHz tana da 2 kacal. Shi ya sa mai ƙaramar lambar ke tsere wa mai babbar, kuma ba da ɗan rata ba.

Sai batun zafi, wanda mu nan ya fi shafa. Intel ta auna zafin Pentium 4 lamba 630 a wat 84, mai gudun 3.8 GHz kuma har wat 115. Ita E6600 wat 65 ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka, ƙwaƙwalwa mai zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, wani sa'in na'urar ta mutu ana tsakar aiki. Wanda ke aiki da hasken rana da batir ma zai ga bambanci, domin zafin nan wutarsa ce ke tafiya a banza.

Ku kula da abu biyu wurin saye. Wasu Pentium 4 suna da dabarar da ke sa kwamfuta ta nuna kamar ƙwaƙwalwa biyu gare ta, alhali ɗaya ce ke raba hankalinta. Akwai kuma Pentium D ta 2005: biyu ce da gaske, amma irin tsohon ginin Pentium 4, kuma zafinta ya kai wat 95 zuwa 130. Kada ku dogara da takardar da aka liƙa a jiki. Ku sa mai sayarwa ya kunna, ku karanta sunan a allo da idonku.

Gaskiya ɗaya kuma: duka biyun sun tsufa. Windows 11 ba ta karɓar ko ɗaya daga cikinsu bisa ƙa'ida, Windows 10 kuma Microsoft ya daina tallafinta na yau da kullum a Oktoban 2025. Duk da haka Core 2 Duo mai RAM gigabait 4, da sabon faifan SSD da Linux mara nauyi, za ta iya buga takardu, da lissafin shago, da koya wa yara. Pentium 4 kuwa shafukan intanet na yau sun fi ƙarfinta.

Ƴan uwa na waje, kafin ku biya kuɗin dakon kaya, ku duba sunan ƙwaƙwalwar. In Pentium 4 ce, gara ku turo kuɗin a nemi wadda ta fi ta a nan gida. Allah Ya sa mu dace.