MATAMEYE: YARO YA SHIGA LAKWAL, WA ZAI KULA DA CIKINSA?

A kowace shekara, idan watan Oktoba ya kama, ayyuka biyu suna haɗuwa a ƙasar Matameye a lokaci guda. Na farko shi ne kaka: ana ƙarasa yankan hatsi, ana roron wake, ana cirar gujiya. Na biyu shi ne buɗe makarantun boko, inda yara masu shekara 6 ko 7 suke shiga aji na farko, wanda ake kira CI. Uban yaro yakan yi ɗawainiyar allo da alli da riga da takalma, ya kai shi gaban darakta a rubuta sunansa, daga nan ya ga kamar ya sauke nauyi. Amma akwai wani nauyi da ba a rubuta shi cikin takardar kayan da makaranta take nema ba, shi ne abin da yaron zai ci daga fitowar rana har faɗuwarta. Wannan nauyi, a mafi yawan gidaje, kan uwa yake faɗawa, a daidai lokacin da aiki ya fi yi mata yawa.

Kafin ya shiga makaranta, ƙaramin yaro ba shi da lokacin cin abinci. Yana biye da uwarsa duk inda ta nufa. In ana surfe ya samu gumba, in an dama fura ya kurɓa, in an je gona ya ci ɗanyar gujiya, in maƙwabciya ta sauke tukunya a sammasa. Da kaɗan-kaɗan ɗin nan ne cikinsa yake cika, domin cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci mai yawa a zama ɗaya kamar na babba. Ranar da ya zauna gaban malami, wannan tsari ya yanke. Daga ƙarfe 8 na safe har zuwa tsakar rana ba shi da ƙwaryar da zai kai hannu, sai abin da ya ci kafin ya fito da kuma abin da aka riƙa masa.

Garin Matameye shi ne mazaunin hukumar gundumar Kance, a kudancin jihar Damagaram, bisa hanyar da ta taso daga Takeita ta nufi Ɗan Barto da iyakar Najeriya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu wajen mutum 400.000 a gundumar, kuma tana cikin wuraren da mutane suka fi cunkoso a duk faɗin Nijar. Gonaki sun ƙanƙance sabili da rabon gado, shi ya sa mace a nan ba ta zama hannu rabbana. Wata tana da gayauna, wata tana fitar da man gujiya da ƙuli-ƙuli, wata tana suyar ƙosai ko awara a bakin hanya, wata kuma tana sarin rake da kayan garka daga fadamun Korama ta kai kasuwa. Ranar Juma'a, da kasuwar Matameye take ci, mata da yawa tun da asuba suke barin gida, alhali Juma'a ranar karatu ce ga ɗan lakwal.

A duba safiyar macen da take sana'ar ƙosai. Tun da dare ta jiƙa wake, da asuba ta wanke shi ta aika injin niƙa, ta hura wuta. Lokacin da masu saye suka fi taruwa a gabanta shi ne lokacin da ya kamata ta yi wa ɗanta wanka ta ba shi kalaci. Ita kam da sauƙi, tun da abin ci yana hannunta. Wadda ta fi shan wuya ita ce mai zuwa gona mai nisa, wadda take fita kafin yaron ya gama farkawa, ta bar shi hannun yayarsa ƴar shekara 9 ko 10, ita ma kuma ɗaliba ce mai gudun makara. In akwai sauran tuwon jiya a yi ɗumame. In babu, yaran biyu su sha ruwa su kama hanya. Abin mamaki shi ne wannan yana faruwa cikin kaka, rumbu cike da damman hatsi. Hatsi a zangarniya ba abinci ba ne tukuna: sai an sussuka, an sheƙa, an surfa, an wanke, an niƙa, an dafa. Abin da ya yi ƙaranci a gidan a watan Oktoba shi ne lokacin uwa.

Matan da suke aikin gwamnati su ma ba su tsira ba, ko da yake damuwarsu ta sha bamban. Malamar makaranta tana da aji nata da za ta tsaya a gabansa ƙarfe 8. Unguwarzoma da mai jinya a gidan likita suna da kwanan aiki, kuma Satumba da Oktoba su ne watannin da zazzaɓin cizon sauro ya fi cika gadajen yara. Ma'aikaciyar ofis kuwa, tun da aka koma tsarin aikin yini ba tare da komawa gida da rana ba, tana bakin aiki lokacin da ɗanta yake tasowa. Sau da yawa an turo ta ne daga wani gari, ba ta da uwa ko suruka kusa. Sai ta ɗauki ƴar aiki, wadda galibi yarinya ce daga ƙauye da ta isa zama aji ita ma. Ta haka abincin ɗan wata yake zama sanadin rashin karatun ɗiyar wata, kuma wannan magana ce da ya dace masu riƙe da al'amuran ilimi su dube ta da idon basira.

Mafi yawan iyaye suna toshe wannan giɓi da kuɗin kashewa: dala biyar, dala goma, mai hali dala ashirin. Idan aka kaɗa ƙararrawar shan iska, yara su kwasa a guje zuwa bakin makaranta, inda mata suke zaune da robobinsu na ɗanwake, fanke, masa, awara, dafaffen rogo, garin rogo da ƙuli-ƙuli, da kwaɗon zogale. Waɗannan mata su ne suke ciyar da ɗaliban gari a zahiri, kuma bai kamata a kore su ba. Sai dai yaro ɗan CI bai san ciniki ba. A cikin turmutsutsu manya su ture shi, ko ya yar da kuɗin a rairayi, ko ya ga alawa da ƙanƙara mai launi ya zuba dalolinsa a nan. Dala goma ta ƙosai ko ta awara tana riƙe ciki, domin wake da waken suya suna gina jiki. Dala goma ta alawa ba ta kai shi ƙarshen darasi. Uwar da ta san mai sayarwa ta yi magana da ita kai tsaye, ta biya ta na mako, yaro ya zo ya karɓi rabonsa, ta fi wadda ta danƙa masa tsaba kwanciyar hankali.

Dalilin da ya sa maganar take da nauyi shi ne yawancin yaran ba su zo aji da ƙarfin ajiya a jikinsu ba. Binciken abinci mai gina jiki da aka yi a faɗin ƙasa a 2022 ya nuna kashi 47 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, kuma jihohin Damagaram da Maraɗi suna cikin waɗanda abin ya fi tsanani. Irin wannan yaro in ya wuni da yunwa, gyangyaɗi yake yi, malami ya ɗauka ƙiwuya ce ko daƙiƙanci. Ga shi kuma a CI ne ake ɗora harsashin karatu da lissafi, a makarantu da yawa cikin Faransanci, harshen da yaron bai taɓa ji a gidansu ba.

Ciyarwa a makaranta ba baƙon abu ba ne a Nijar. Gwamnati da Hukumar Abinci ta Duniya, PAM, sun daɗe suna tafiyar da ita, kuma a Yamai aka yi bikin farko na Ranar Ciyar da Ɗalibai ta Afirka, ran 1 ga Maris 2016, bayan Tarayyar Afirka ta tsayar da ranar a farkon wannan shekara. Amma an fi kai tukunyar makaranta yankunan makiyaya da ƙauyukan da fari ya fi taɓawa. Ɗan cikin gari ana ɗauka gidansu yana kusa, zai koma ya ci. Gidan yana kusa, gaskiya ne. Tambayar ita ce ko akwai mai dafawa a cikinsa a wannan sa'a.

Akwai abin da za a iya yi ba tare da jiran buhunan waje ba. Kowace makaranta tana da kwamitin kula da ita, CGDES, da ƙungiyar iyaye, da ƙungiyar uwaye mata, AME. Waɗannan suna da ikon tsara masu sayar da abinci: a rufe robobi daga ƙuda da ƙurar hunturu, a ajiye buta da sabulu, a bar ƴan CI su fara saye kafin manya su fito. A cikin unguwa, mata huɗu ko biyar da suka saba yin adashi suna iya yin karɓa-karɓar tukunyar rana, wadda ba ta fita yau ta ciyar da yaran saura. A gida kuma, garin kunu da aka haɗa da hatsi da soyayyen wake da gujiya, aka niƙa na mako ɗaya, damunsa ba ya ɗaukar lokaci. Abincin da aka riƙa wa yaro ya zama mai jure zafi, kamar gujiya, ƙuli-ƙuli, dabino ko dafaffen dankali, domin masana lafiya sun yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, balle mai miya ko nono. Uba ma yana da rabonsa: kai hatsi injin niƙa da biyan kuɗinsa, ko tsayawa da yaro wurin mai koko kafin ya wuce gona, ba su rage wa kowa girma ba.

Wahalar tana sake kama idan shekara ta yi nisa. Daga Maris zuwa Yuni rumbu ya yi ƙasa, tsadar tiya ta hau, maza da yawa sun tafi cin rani Kano ko wani wuri, uwa ta zama ita ce mai nema kuma mai dafawa. Gundumar Kance ta san iyakar da wannan nema yake kai mata: a Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 cikin hamada arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata, kuma mafi yawansu daga wannan yanki suka fito. Uwar da ta yi niyyar tafiya mai nisa takan ɗauki ƙaramin ɗanta, domin ba ta ga wanda zai ciyar da shi a bayanta ba, sunansa kuma ya zauna cikin rajistar malami ba mai amsawa har ƙarshen shekara.