Yadda Tumatir Ke Raba Sukarinsa

A shekarar 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye tumatirin noman rani a Kura da Bunkure. Shin tsiro ba ya kare kansa ne? Yana yi. Tun 1991 masana a Amurka suka gano cewa ganyen tumatir da aka ciza yakan samar da wani sinadari, sistemin, wanda ke taimakawa wajen sa sauran ganye su haɗa abin da ke hana tsutsa narkar da abinci. Sai dai da sukarin ganye ake biyan wannan tsaro. Wasu furotin cikin ƙwayoyin tsiro ke auna sukarin, su raba shi tsakanin girma da faɗa. Tumatirin da ya tsaya faɗa, girmansa kan ja baya, ita kuwa Sharon ba ta fasa hayayyafa ba.