Ranar Da Shamuwa Ɗaya Ta Zame Mini Biyu A Gafasa

A farkon daminar bara wata hidimar 'yan'uwa ta kai ni Gafasa, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi. Kamar yadda na saba duk inda za ni a karkara, na rataya madubina na hangen nesa, wanda yara ke kira kawo-nesa-kusa, domin kallon tsuntsaye ya zame mini jiki tun ina ɗalibi. Bayan mun baro Gaya babur ya faɗa wani rami, madubin ya bugi ƙarfen kariya. Na duba ban ga tsaga ba, na yi hamdala muka wuce. Da la'asar na hango shamuwa bisa wata kuka a bayan gari, na ɗora madubi a ido, sai ga shamuwa biyu, ɗaya ta ɗan ɗara ɗaya tsawo. Na sauke madubi, shamuwa ɗaya ce tilo. Na sake ɗorawa na ƙura ido, a hankali biyun suka haɗe, amma kafin magariba kaina kamar ana sara shi da gatari.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan shafin ra'ayi da madubin wani ɗan boko mai bin tsuntsaye. Ruwan shi ne, ɗan abin da aka rubuta game da tsuntsayen ƙasarmu da irin wannan madubi aka gan shi. Tun daga shekarar 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai suna shiga suna rubuta abin da idonsu ya gani. Haka kuma a watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, inda agwagin da suka gudo daga sanyin Turai ke sauka. Ruwan da ke ciyar da waɗannan fadamu ta ƙasar Kano yake bi, ya ratsa Wudil ya nufi Haɗeja, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke rayar da su ta ragu. Ko gauraka da ungulu, da kakanninmu suka ɗauka ba za su taɓa ƙarewa ba, yau sai an yi da gaske ake ganinsu. Tun 2015 ma aka sa ungulun da muka sani a mahauta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Wanda zai ba da shaida a kan irin wannan al'amari bai kamata ya riƙa ganin ɗaya a matsayin biyu ba.

Matsalar kuwa ita ce mafi yawanmu madubin gwanjo muke saye, wanda ya sha faɗuwa a hannun masu shi na farko, kuma ni dai na zaga neman mai gyaransa ban dace ba. Mai gyaran waya ya ce ba layinsa ba ne, mai sayar da tabarau ya ce in sayi sabo. Da haka na koma na koyi abin da kaina.

Madubin hangen nesa bututu biyu ne aka haɗa da maƙali a tsakiya, kowane ido da nasa. A cikin kowane bututu akwai dunƙulen gilashi masu kusurwa da ke juya hoto ya miƙe, don in ba su, da ƙafar tsuntsu a sama za a gan ta. Irin madubin nan mai kafaɗa, wanda bakinsa na gaba ya fi na ido faɗi, yana bin tsarin wani ɗan Italiya ne mai suna Ignazio Porro, da ya yi rajistar dabararsa a 1854, kamfanin Zeiss na Jamus kuma ya fara sayar da shi a 1894. Sharaɗin aikinsa ɗaya ne: bututun nan biyu su dubi wuri guda daidai wa daida. Da zarar bugu ya gusar da gilashi ɗaya, ko da kaurin gashi ne, sai girmamawar madubin ta ninka kuskuren. Madubin da aka rubuta wa 8x42 sau 8 yake kusanto da abu, sau 8 kuma yake faɗaɗa karkatar.

Abin da ya sa cutar ke ɓuya shi ne ƙwaƙwalwa ba ta son hoto biyu, sai ta tilasta wa jijiyoyin ido su karkata don su haɗe su. Idan karkatar ta ciki ce, ido yana iya jurewa, don ya saba haɗuwa wajen karatu. Idan ta waje ce ya fi shan wuya. Mafi muni ita ce ta sama da ƙasa, irin wadda ta same ni, domin ba a halicci idanuwa ɗaya ya dubi sama ɗaya ƙasa ba. Saboda haka mutum zai yi shekara yana fama da ciwon kai da jiri duk ranar da ya fita kallo, yana ɗora laifin a kan rana ko hawan jini.

Kafin a zargi gilashi, a fara da abin da ba ya buƙatar kwance komai. A lanƙwasa maƙalin tsakiya har da'ira biyu su zama ɗaya, don tazarar idanun mutane ta bambanta. Sannan a rufe bakin bututun dama da tafin hannu, a murza gargaren tsakiya har hoton hagu ya fito tas, a koma a rufe na hagu a daidaita na dama da zoben da ke jikin mazaunin idon. Na ga mutanen da suka yanke ƙauna da madubi lafiyayye alhali wannan zobe ne kawai yaro ya murɗa. A kuma duba bututun gaba, wani lokaci faɗuwa takan sa shi tsallake zarensa ya zauna a karkace, kwance shi a mayar a hankali ya wadatar.

In duk wannan bai yi ba, sai gwaji. A Gafasa kife turmi na yi a kan benci na ɗora madubin don kada hannu ya yi rawa, na saita shi a kan wata waya mai nisa da ta miƙe a kwance. Sai na riƙa ja da fuskata baya sannu a hankali, kamar taƙi ɗaya, ina kallon da'irorin biyu. A lafiyayyen madubi wayar za ta ratsa su a layi guda. A nawa ta karye, ɓangaren dama ya haura sama. Da dare akwai gwajin da ya fi wannan kaifi, kuma sararin karkara ya fi na birni dacewa da shi: a nemi tauraro mai haske, a murɗa zoben dama har hotonsa ya baje ya zama faifai, na hagu kuwa ya tsaya ɗigo. Ƙwaƙwalwa ba ta iya haɗa faifai da ɗigo, sai gaskiya ta fito. Idan ɗigon yana tsakiyar faifan, lafiya lau. In ya koma gefe, to ga inda karkatar take. Rana kam ko da wasa kada a dube ta da wannan madubi, makanta ce nan take.

Gyaran kansa ba shi da tsawo, haƙuri ne ke da tsawo. A yawancin madubai masu kafaɗa, idan aka ɗaga robar da ta lulluɓe jiki kusa da mazaunin ido, za a tarar da 'yan ƙananan sukurori, wasu an toshe kansu da danƙo. Su ne ke tura gilashin ciki. Sukudireban da na yi aiki da shi aron wani dattijo mai gyaran agogo ne, wanda ya miƙo mini yana cewa, “Malam, a bi shi kamar ana cire ƙaya a idon sawu.” Na fara da bututun da ya bugu, na sa alama da biro a inda kan sukurin yake, na murza abin da bai kai kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ba, na koma na duba waya. Da na ga karyewar ta ƙaru, na mayar na juya ɗaya ɓangaren. Tsakanin kowace murzawa sai na huta da ido, don ido mai gajiya yakan yi ƙarya. Sau shida ko bakwai na yi haka kafin wayar ta miƙe. Daga ƙarshe na riƙe madubin nesa da fuska ina fuskantar haske, in tabbatar ɗigon hasken da ke cikin kowane mazaunin ido zagayayye ne. In ya koma kamar idon kyanwa, an wuce gona da iri.

Sai dai in faɗi gaskiya, gyaran gida rabin gyara ne. Masana'anta da na'ura take daidaita bututun biyu da maƙalin tsakiya gaba ɗaya, yadda kowa zai iya ɗauka ya duba. Ni kuwa na daidaita su ne a kan tazarar idanuna kaɗai, shi ya sa da ƙanena mai faɗin fuska ya buɗe maƙalin ya duba, ya ce har yanzu akwai ɗan inuwa. Kuma ba kowane madubi ake taɓawa ba. Na zamani masu miƙaƙƙen bututu galibi an like su an cika su da iskar da ke hana raɓa, buɗe su a tsakar gida gayyato ƙurar hunturu ce da furfurar damina, garin neman gira a rasa ido. Wanda ya sayi sabo mai tsada da takardar garanti, ya mayar da shi inda ya saya.

A ganina cibiyoyin da ke horar da matasa kallon tsuntsaye, da sassan nazarin halittu na jami'o'inmu, da ma'aikatun gona da ke tura ma'aikata leƙen makwancin jan-baki kafin ya afka wa gero da shinkafa, ya kamata su sa wannan gwaji na minti biyar cikin darasin ranar farko. Haka ma kwamitocin duban wata da ke amfani da madubi. Kuma mu da ke da masu gyaran agogo da sana'arsu ke mutuwa a hannunsu tun da waya ta ƙwace aikin faɗin lokaci, ga hannaye da kayan aiki a shirye. Horon mako ɗaya zai ishi irin dattijon nan ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba.

Washegari da hantsi na koma gindin kukar. Shamuwar tana nan, ita kaɗai, tana gyara sheƙa, har launin shuɗin da ke fuskarta na gani. Na rubuta ta a littafina: shamuwa 1, Gafasa.