Idan Aikin Ƴar Aiki Ya Lalace, Ta Yaya Ake Yi Mata Magana?

Duk wanda ke cin kasuwannin bakin iyaka ya san gida ba ya ganinsa sai dare. Laraba ana Birnin Ƙonni, Lahadi ana Illela, Alhamis wasu sun tsallaka Maigatari, Litinin da Juma'a kuwa Maraɗi ta cika. Shi ya sa da yawa daga cikin ƴan kasuwa, musamman mata masu safarar atamfa da kayan miya, suke ɗaukar ƴar aiki domin shara, wanki da wanke-wanke. Rigimar takan taso ne ranar da aka dawo a gajiye aka tarar da ƙura a ƙarƙashin gado, tukunya da ƙanzo, ko kuma shadda mai tsada ta koɗe.

A nan mutane sukan kasu biyu. Wasu su haɗiye, suna ƙunƙuni har ranar da za su fashe su kori yarinya. Wasu kuma nan take su hau ta da faɗa a gaban yara da maƙwabta. Duka biyun asara ce, domin wadda ake magana a kanta ita ce ke riƙe da makullin ɗaki, ita ke tare da yara tun safe har magariba.

Abin mamaki shi ne, ɗan kasuwar da ba ya sayen buhun wake sai ya soka ya gani, ba ya sallama kaya sai an yanke farashi, shi ne kuma zai ɗauki mai aiki da kalma guda: "ki riƙa gyara gida." Yawancin ƴan aikin nan daga ƙauye suke zuwa cin rani bayan kaka, su koma idan damina ta faɗi. Wadda ta saba da daɓen ƙasa ba lallai ta san yadda ake goge tayil ba, ba kuma lallai ta san cewa ruwan jabel yana cinye launin tufafi ba, ko cewa haɗa shi da wani maganin wanke ban-ɗaki yana tayar da iska mai cutar da ƙirji. Wanda ba a nuna masa ba, ba a ce ya ƙi yi ba.

Don haka kafin a buɗe baki, mai gida ko uwargida ta fara bincikar nata ɓangaren. Shin an ba da omo da sabulu da tsintsiya mai kyau? An bar kuɗin ga-ruwa idan famfo ya ɗauke? A lokacin hunturu, ɗakin da aka share da hantsi yakan sake yin ƙura kafin la'asar. Sannan uwa uba, an biya albashi a kan lokaci? A Nijar an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000, kowa sai ya auna abin da yake bayarwa da wannan mudu. Masu biya da naira kuma su tuna yadda darajarta ta faɗi tun 2023. Abin da aka yanke kafin nan ba ya sayen abin da yake saye a da. Yarjejeniya mai lamba 189 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2011 ta tanadar wa masu aikin gida hutun awa 24 a jere kowane mako da biya aƙalla sau ɗaya a wata. Mutumin da ba ya hutawa, dole aikinsa ya yi sanyi.

Idan an tabbatar laifin daga gare ta yake, sai a zaɓi lokaci. Ba daren da aka dawo daga kasuwa rai a ɓace ba, gara washegari da safe, a keɓe, babu yara babu kishiya. A kama abu ɗaya ko biyu da ido ya gani, a nuna mata wurin. Idan yarinya ce, a ce: "Ƴata, zo ki ga bayan ƙofar nan. Kwana uku ke nan tsintsiya ba ta kai nan ba. Akwai abin da ya hana?" Idan dattijuwa ce, girmanta na nan ko da ita ke karɓar albashi: "Inna, wankinki ba ni da abin cewa, sai dai tukwanen nan ina so a ƙara sa musu hannu." Daga nan a yi shiru a saurara. Sau da yawa a nan ake jin cewa ba ta da lafiya, ko yaran gida na ɓata wurin bayan ta gama, ko ana aikenta har aikin ya sha mata kai.

Kada a haɗa ƙorafin shara da zargin sata. Magana zarar bunu ce, kuma a garin iyaka inda kowa ya san kowa, kalmar ɓarauniya tana iya hana mace aiki har ma da aure. Haka nan zaftare albashi ba tare da an yi wannan sharaɗi tun farko ba, ba ya haifar da komai sai ƙullaci.

Bayan magana, a ba da wa'adi, mako biyu misali, a kuma yaba idan an ga canji. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In wa'adi ya cika ba a ga sauyi ba, sai a kira wadda ta kawo ta ko wani nata, a yi lissafi a gabansu, a biya ta haƙƙinta cif har da kuɗin mota. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa wanda aka rabu da shi lafiya yau, shi ne zai turo wani gobe. Allah ya haɗa mu da masu amana, ya sa mu ma mu riƙe tasu.