Almiskin da Ake Haɗawa a Masana'anta

Almiskin da ake ji a yawancin turaruka da sabulai da man shafawa na yau bai fito daga jikin dabba ba, haɗa shi ake yi a masana'anta. Na asalin kuwa yana cikin wata 'yar jaka ce kusa da cibiyar namijin wata ƙaramar barewa da ke zaune a duwatsun Himalaya da ƙasar Sin da Saiberiya. Mafarauta sai sun kashe dabbar kafin su ciro jakar, abin da ke cikinta kuma kimanin giram 25 ne kacal. Wannan ya sa almiski tsada matuƙa, ya kuma kusa ƙarar da barewar.

Madadin farko dace aka yi da shi. A 1888 wani Bajamushe masanin sinadarai, Albert Baur, yana gwaje-gwaje a kan sinadarin nakiya na TNT, sai ɗaya daga cikin abubuwan da ya haɗa ya fito da ƙamshin almiski. Daga nan aka samu dangin da ake kira almiskin naitiro, irin su musk xylene da musk ketone. Su suka riƙe kasuwa shekaru da dama, har turaren Chanel No. 5 na 1921 ya dogara da su. Daga baya aka gano illarsu: musk ambrette, wani ɗan dangin, kan ɓata fata idan rana ta doke ta, musk xylene kuma kan taru a jikin kifi da na mutum. Duka biyun an hana su a Tarayyar Turai.

Sirrin almiskin barewar ya ɗauki lokaci kafin ya warware. Heinrich Walbaum ya tace sinadarin da ke ba da ƙamshin a 1906, aka sa masa suna muscone. A 1926 Leopold Ružička ya nuna cewa ƙwayarsa zobe ne na kabon 15, a lokacin da masana da yawa ke ganin zobe mai girman haka ba zai yiwu ba. Ya kuma gano cewa sinadarin jibda ɗan'uwansa ne, zoben kabon 17. Wannan aiki yana cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1939.

Almiskin masana'anta da ya fi shiga gidaje shi ne Galaxolide, da kamfanin IFF ya samar a 1965. Yana da araha, sabulu ba ya lalata shi, kuma yana maƙale wa zare, shi ya sa zani ke ƙamshi ko an ɗauraye shi an shanya. Sai dai wannan naci nasa shi ne aibinsa, domin ba ya saurin ruɓewa, ana kuma tarar da shi a koguna.

Abin mamaki, ginin waɗannan sinadarai bai yi kama da juna ba, amma hanci yana jin su duka a matsayin almiski. Abin da ya haɗa su nauyi ne. Ƙwayoyinsu manya ne, ba sa saurin bin iska, kuma sun fi son mai a kan ruwa. Don haka sukan zauna a fata da tufa bayan ƙamshin lemo da na fure ya tafi, suna kuma taimaka wa turaren ya daɗe. Girman nasu ya kusa iyakar abin da hanci ke iya kamawa, shi ya sa wani mutum ba ya jin wani nau'in sam, alhali na kusa da shi yana cewa ya yi yawa. Saboda haka masu haɗa turare kan zuba nau'i uku ko huɗu a kwalba guda, don kowane hanci ya kama nasa.